An Ci, Ba A Rasa Ba

Ruwan Agusta na dukan kwanon ɗakina a Unguwar Rogo,
an ɗauke wuta tun magariba.
Daga ni sai fitila mai caji da shafi goma sha biyu
da Dakta Gyang ya miƙo mini a bakin ofis:
"Ladidi, Hausata ta yi tauri.
Ki tausasa ta yadda ɗalibai za su iya taunawa,
kada dai ma'ana ta zube miki a hanya."

Bayani ne kan wasannin kwaikwayon mutanen Sifen
na shekara ɗari huɗu da suka wuce,
zamanin da ake zare takobi saboda kallon banza.
A shafi na bakwai ga wani tsoho mai sayar da man zaitun,
an ce a bainar kasuwa yana tauye awo.
Ya koma gida, ya sa sakata, ya ƙi cin abinci.
Dakta ya rubuta: tsoho ya rasa darajarsa.

Daraja?
Na juya ta, na latsa ta, kamar mai taya kwando a Farin Gada.
Tumatir ma yana da daraja ranar da mota ba ta iso ba,
jibi ya yi araha, a bar wa awaki.
Na soke ta.

Martaba ta shigo da takalmi mai ƙara,
ɗakin tsoho ya yi mata kaɗan.
Girma yana nan a furfurar gemunsa,
ba wanda ya aske.
Ƙima, sai ka ce shi aka kasa a faifai.
Alfarma kuwa mun riga mun lalata ta
a layin banki da ƙofar asibiti.
Suna ya kusa, har na ɗora biro,
sai na ga suna a bakin mutane yake kwana,
shi kuwa tsoho ciwonsa a ƙirji yake.

Ƙamus ya jera su kamar 'yan ciki ɗaya.
Ai ko tagwaye, kowa da halinsa.

Na tashi na ɗora shayi, sanyi na cizon yatsu.
Kafin ruwa ya tafasa na tuna Bukuru,
ina 'yar shekara tara, Baba yana awon kuza.
Wani ɗan kwangila ya ce a gaban leburori
wai Baba na danne sikeli da babban yatsa.
Ya dawo bai yi sallama ba.
Kwana uku tuwon acca na komawa yadda aka kai shi.
Muna guje-guje a tsakar gida Inna ta riƙo hannuna:
"Ku yi a hankali. An ci mutuncin babanku."

An ci.

Ashe ba kalma ɗaya ce ta gurɗe ba,
har da wadda ke ɗauke da ita.
Daraja faɗuwa take yi, suna ɓaci yake yi,
girma ya zube, martaba ta dushe.
Mutunci kuwa ci ake yi,
da baki, a gaban jama'a, ba bisimilla.
Wanda aka cinye a kasuwa da rana
yaya za a yi ya zauna gaban akushi da dare?

Na rubuta: an ci mutuncin tsoho.
Kalma huɗu.
Na karanta a fili, ban ji tsakuwa ba.
Ban taɓa ganin itacen zaitun ba,
amma na san ƙarar wannan sakata.

Shayi ya huce, fitila ta fara lumshe ido.
Saura shafi biyar.
Na leƙa na takwas, Dakta ya rubuta: tsoho ya mutu.
Ya rasu? Ya cika? Ya kwanta dama? Ya riga mu?
Na rufe biro.
Bari ya ƙara kwana ɗaya da rai,
gobe na ga wadda ta dace da shi.